Firam ne ya rage, ko jini da maɗaciya? Muhawara kan gina hanta a ɗakin gwaji

Injiniya Auwal: Assalamu alaikum. Ga maganar da na tsaya a kanta, mai ja ya ja: abin da ya hana a gina hanta a ɗakin gwaji ba ƙwayoyin halittar da suka haɗu suka zama hanta ba ne, wurin zamansu ne. In aka samu firam, wato ginin da ƙwayoyin za su zauna a cikinsa, mai tsari, ramuka daidai wa daida, hanyoyi a shimfiɗe, nan da shekara 15 za a dasa wa mutum hantar da aka gina, ba sai an jira wani ya rasu ko ɗan'uwa ya ba da rabin tasa ba.

Ku ɗauki ƙwayar hanta ku zuba a faranti na roba. Cikin 'yan kwanaki za ta baje, ta rasa siffarta, albumin, furotin da hanta ke zuba wa jini, ya ja baya, sinadaran da take narka magani da su su faɗi warwas. A 1989 Dunn da Yarmush suka zaunar da ita a kan kolajin, furotin da ke ɗaure naman jiki, suka zuba wani a samanta, ta zama tsakanin shimfiɗa biyu, sai ga ta tana fitar da albumin har mako 6. Ƙwayar ba ta sauya ba, gida aka sauya mata. A 2008 Khetani da Bhatia a jami'ar MIT ta Amurka suka jera ta tsibiri-tsibiri, kowane tsibiri maikiromita 500, daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan 1200, suka kewaye su da ƙwayoyin tallafi, ta yi makonni tana aiki. Maikiromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita, ga wanda bai saba ba.

Firam mai kama da saƙar zuma kuwa ga yadda ake yin sa. A samo ƙananan duwatsun roba masu girma ɗaya, wajen maikiromita 140. A zuba a mazubi a girgiza har su jeru, kowane dutse yana taɓa 12. A dumama su kaɗan su manne a wuraren da suka taɓa juna. A kwarara ruwan PEG, sinadarin da ke zama jel, ya cike tsakaninsu, a haska masa hasken UV ya daskare, sannan a narkar da duwatsun a wanke. Abin da ya saura ramuka ne iri ɗaya, kowanne da tagogi zuwa maƙwabtansa. PEG ba ya riƙe ƙwaya, don haka sai an shafa masa kolajin. Ƙwayoyin su fara bin bango, daga baya su miƙa ta tagogin su haɗe.

Dakta Bilkisu: Wa alaikumus salam, Injiniya. Ba na jayayya da ko ɗaya cikin abin da ka lissafa. Amma bari mu sa lamba. A dashen hanta daga mai rai, ana so yankin da za a dasa ya kai aƙalla kashi 0.8 cikin ɗari na nauyin majiyyaci. Mai kilo 70 yana buƙatar giram 560. Kowane giram na hanta yana ɗauke da ƙwayoyi sama da miliyan 100. Ka ga ana maganar wajen biliyan 60 ke nan. Firam ɗinka mai saƙar zuma faɗinsa 'yan milimitoci ne.

Sannan hanta ba tsoka ba ce da za a liƙa. Jini wajen lita ɗaya da rabi ke ratsa ta kowane minti, kashi uku cikin huɗu daga babbar jijiyar da ke kwaso jinin hanji, sauran daga jijiyar da ke kawo jini mai oksijin. Ga jijiyar fita, ga bututun maɗaciya. Ɗinki huɗu ke nan. A jikin jel ɗinka, ina likitan tiyata zai soka allura?

Injiniya Auwal: Shi ya sa akwai hanya ta biyu, Dakta: a ari firam ɗin da Allah Ya riga Ya gina. A ɗauki hanta a daskarar da ita a ma'aunin 80 ƙasa da sifili, a narke, a sa siririn bututu a jijiyar hanji, a riƙa tura sinadarin wanki SDS, ana farawa da kashi 0.01 cikin ɗari ana ƙarawa sannu a hankali, a biyo da wani sinadarin wankin, Triton, ya kwashe ragowar. A hantar ɓera, cikin kwana 3 jan ya fice, ta koma fara tas, ana hango yatsa ta bayanta. In aka tura ruwa mai launi sai ka ga bishiyar jijiyoyin ta fito reshe-reshe har ƙarshe. Uygun da abokan aikinsa a babban asibitin Masacuset sun nuna haka a 2010. A 2015 an yi wa hantar mutum haka a Landan. Ga wurin ɗinkinki nan, duka huɗun.

Malam Nura: Injiniya, ka faɗi wankin, ba ka faɗi abin da ke biyo baya ba. Wankin kansa tsaka-mai-wuya ne. In aka sassauta, ragowar ƙwayoyi ta zauna, garkuwar jiki ta taso. Ma'aunin da aka fi bi shi ne DNA ta gaza nanogiram 50 a kowane miligiram na busasshen firam, gutsattsarinta kuma su gaza tsawon tubalan DNA 200, sannan kada a ga cibiyar ƙwaya ko ɗaya a madubin likita. In aka tsananta don a kai wannan, SDS ya tafi da sinadaran da ke riƙe ruwa da masu sa ƙwaya girma, a bar ka da kolajin tsura. In kuma ba a ɗauraye shi sarai ba, shi ne zai fasa sababbin ƙwayoyin da ka zuba.

Sai zubin. Ƙwayar hanta faɗinta maikiromita 20 zuwa 25, ƙananan hanyoyin jinin hanta kuwa wajen 10. In ka tura su gaba ɗaya sai su toshe hanya, bayan toshewar komai ya mutu. Shi ya sa a wancan aikin na 2010 aka raba ƙwayoyi miliyan 50 gida huɗu, ana ɗan dakatawa tsakanin kowane zubi. Da aka dasa wa ɓera, awa 8 aka kai. Dalili kuwa sananne ne: jini in ya taɓa kolajin tsirara, ƙwayoyin daskarar da jini suna ɗaukarsa rauni ne, nan take su taru su yi guda. Sai an lulluɓe kowace hanya, babba da ƙarama, da ƙwayoyin bangon jijiya, ba a bar ko tabo ba. A 2020 an yi wannan da hantar alade da ƙwayoyin jijiyar igiyar cibiya ta ɗan Adam, jini ya yi ta gudana har kwana 15 a jikin aladu. Amma an cire musu saifa, an ba su maganin danne garkuwa, kuma waɗannan hantocin babu ƙwayar hanta a cikinsu. Bututu kawai aka gwada.

Hafsat: Malam Nura, bari in ƙara lissafin oksijin, don a nan mutane da yawa ke shan mamaki. Litar jini mai oksijin tana ɗauke da wajen mililita 200 na iskar. Litar ruwan reno a ɗumin jiki ba ta kai mililita 5 ba, saboda babu jajayen ƙwayoyi. Cikakkiyar hanta tana shan wajen mililita 50 a minti. Ko sulusinta kake reno, in ruwan zai ba da duk abin da ke cikinsa, sai ka tura kusan lita 4 kowane minti. Wannan ƙarfin zai ɗaye ƙwayoyin bangon da ka sha wahalar shimfiɗawa. Ana ƙara oksijin a cikin iskar akwatin reno, ana kuma gwada jajayen ƙwayoyi ko sinadarai masu ɗaukar iska, kowanne da nasa ciwon kai.

Kuma oksijin ba ya ratsa nama fiye da maikiromita 100 zuwa 200 daga hanyar jini. Ka yanka dunƙulen ƙwayoyi da ya wuce rabin milimita ka duba: gefe garau, tsakiya ta ruɓe. Wani lokaci tun kafin a yanka, ruwan renon ne zai faɗa maka, ja ya koma rawaya da wuri saboda tsamin da ƙwayoyi masu shaƙewa ke zubarwa.

Injiniya Auwal: Ai kin taimake ni, Hafsat. Wannan iyakar ita ta sa ramin ya zama 140 ba 500 ba, wato tsari ne maganin. Hanyoyin ruwa ma ana buga su yanzu. A 2012 Miller da Chen suka buga raga da narkakken sukari, suka zuba jel mai ƙwayoyi a kanta, suka narkar da sukarin, hanyoyi suka buɗe. Rukunin Jennifer Lewis a Jami'ar Habad suna amfani da Pluronic, wanda ke komawa ruwa in an sanyaya shi zuwa ma'auni 4, sai a zuƙe. A 2019 an yi amfani da launin abinci rawaya, tatrazin, don tare haske kada ya daskarar da inda ba a so, aka buga hanyoyi biyu masu sarƙe da juna ba tare da sun haɗe ba. A 2021 rukunoni biyu daga cibiyar Wake Forest ta Amurka suka ci gasar NASA da naman hanta mai kaurin santimita 1 da ya rayu kwana 30.

Dakta Bilkisu: Santimita ɗaya ta kowane gefe wajen giram ɗaya ne, Injiniya. Saura 559. Kuma hanyoyin da firinta ke bugawa ɗaruruwan maikiromita ne, na hanta 10.

Injiniya Auwal: Ba sai an buga ƙanana ba. A buga manya, ƙwayoyin bangon jijiya su tsiro da ƙananan da kansu. Takebe a Yokohama, 2013: ya haɗa ƙwayoyi iri uku, suka dunƙule suka zama tohon hanta, da aka dasa wa ɓera jijiyoyinsa suka haɗe da na ɓeran cikin awa 48. Stevens da Bhatia, 2017: dunƙulen ƙwayoyin hanta da igiyoyin ƙwayoyin jijiya a jere cikin fibrin, furotin da ke daskarar da jini, aka dasa a ɓeraye masu ciwon hanta, ya ninka har sau 50.

Hafsat: Yi haƙuri Injiniya, amma Takebe shaidata ce ba taka ba. Babu wanda ya zana wa ƙwayoyin nan rami ko hanya. An zuba su a kan jel mai laushi, suka tsara kansu. Abin da ya yi aiki shi ne irin ƙwayoyin da aka haɗa. Jel ɗin ma, Matrigel, daga ƙarin jikin ɓera ake samunsa, kowane kwalba da bambancinsa, ba abin da za a sa wa majiyyaci ba ne.

Ni a wurina ƙwayoyin su ne babbar matsala. Daga ina biliyan 60 za su fito? Hanya ta farko hantar da aka ƙi dasawa, mai kitse ko wadda ta daɗe babu jini. Ana tura mata ruwa marar kalsiyam don ƙwayoyi su saki juna, sannan kolajinas mai kalsiyam ya narka abin da ke ɗaure su, a tace, a juya a hankali don kada su fashe. Masu kyau ne, amma ba sa hayayyafa sosai a faranti, daskarewa na rage musu ƙarfin mannewa, kuma kana cin hanta ne don ka gina hanta. Hanya ta biyu ƙwayoyin iPSC, wato ƙwayoyin jikin babba da aka mayar tushe don su iya zama kowane iri, waɗanda Yamanaka ya nuna a ɗan Adam a 2007. Wajen kwana 20 ake yi ana ba su sinadarai bi da bi don su zama na hanta: Activin A da farko, sai BMP4 da FGF2, sai HGF, a ƙare da onkostatin M da deksametazon. Abin da ke fitowa ya fi kama da hantar ɗan tayi. Yana fitar da AFP, furotin ɗan tayi, yana da sinadarin CYP3A7 maimakon CYP3A4 da babba ke narka magunguna masu yawa da shi. In kuma 'yan ƙwayoyi suka tsere ba su rikiɗa ba, suna iya zama ƙari. A faranti, santimita murabba'i ɗaya na ɗaukar wajen 150,000. Ku raba biliyan 60 da wannan: murabba'in mita 40 na faranti, don mutum ɗaya.

Malam Nura: Ƙari a kan firam ɗin roba: taurinsa ma magana ce. Lafiyayyar hanta laushi gare ta, a na'urar awon tauri tana wajen kilofaskal 5, mai tabo ta haura 12. Akwai ƙwayoyi masu siffar tauraro a hanta, aikinsu ajiyar bitamin A. In suka ji ƙasa ta yi tauri sai su farka su fara zuba kolajin. Ka gina firam mai taurin da zai jure ɗinki da matsin jini, ka gina wa kanka tabon hanta tun a akwatin reno. Ka sassauta shi, hanyoyin su rufta.

Farfesa Sa'adatu: Na bar ku ne ku gama da jini, don abin da nake jira ba wanda ya zauna a kansa. Auwal, ƙanina, ina maɗaciyar za ta bi?

Hanta tana fitar da ruwan maɗaciya fiye da rabin lita a yini. Farkon hanyarsa ba bututu ba ne da za ka buga. Ƙwayoyin hanta biyu ne ke manne da juna su bar siririn tsagi a tsakaninsu, faɗinsa wajen maikiromita 1, su ɗinke gefensa. Ƙwayar tana da fuska biyu, ɗaya ga jini, ɗaya ga wannan tsagin, kuma ruwan yana tafiya ne kishiyar jini. A faranti mai shimfiɗa biyu ana ganin tsagin ƙarara: a sa rini mai ƙyalli, bayan 'yan mintoci sai ka ga koren zare-zare sun zagaye ƙwayoyin kamar ragar kamun kifi. Abin sha'awa, sai dai duk bakinsu a toshe yake. Ba su zuba ko'ina ba. A ƙaramin dashe cikin ɓera wannan ba ya damun kowa, abin yana komawa jini, hantar ɓeran da ƙodarsa su ji da shi. In taka ce kaɗai hantar da ke jikin, gishirin maɗaciya zai taru ya ci ƙwayoyin da suka yi shi, majiyyaci ya yi shawara. A Kambirij, Sampaziotis ya gina babban bututun maɗaciya a kan firam na kolajin ya dasa wa ɓeraye a 2017. Wannan babban titi ne. Haɗa miliyoyin lungunan da titin shi ne inda aikin ya cije.

Sannan ka ce ramuka iri ɗaya, kamar abin yabo. Hanta ba iri ɗaya ba ce. A kowane ɗan yanki mai kusurwa shida, jini na shiga ta gefe da matsin oksijin wajen 65, ya isa tsakiya da wajen 35. Na gefe suna mai da ammoniya yuriya, suna yin sukari. Na tsakiya su ke da yawan sinadaran narka magani, shi ya sa farasitamol in ya yi yawa tsakiyar yake fara ƙonawa. Firam da ke ba kowa abinci daidai zai ba ka hanta mai aiki rabi.

Injiniya Auwal: Ranki ya daɗe, na karɓi ta maɗaciya, ba ni da amsarta yau. Ta biyun kuwa ruwa mai gudana yana kawo ta da kansa: ƙwayoyin bakin shiga su sha oksijin, na bakin fita su samu ragowa, bambancin ya fito. An nuna haka a akwatunan reno masu gudana. Tsawon hanya da saurin famfo ake daidaitawa.

Kuma ba kowane majiyyaci ke buƙatar giram 560 ba. A 1998 Fox da abokansa suka zuba wa yarinya mai cutar Crigler-Najjar, shawara ta gado, ƙwayoyi biliyan 7.5, wajen kashi 5 cikin ɗari na hanta, bilirubin ɗinta, sinadarin da ke sa shawara, ya sauka. Irin wannan zubin yana dusashewa saboda ƙwayoyin ba sa samun wurin kamawa. To a ba su firam. Yaron da sinadari ɗaya kawai ya rasa, hantarsa na nan da bututunta, faci yake buƙata.

Dakta Bilkisu: Injiniya, ka fita farautar giwa, ga shi kana nuna mana zomo. Zomon na da kyau, ina son sa. Amma yawancin masu jiran dashe tabon hanta ne ya kai su, ko ciwon daji. Mai tabo ba ƙarancin ƙwayoyi kaɗai ke kashe shi ba. Jini ne ya kasa ratsa hantar, matsi ya koma baya, ciki ya cika da ruwa, jijiyoyin maƙoshi su kumbura su fashe ya yi aman jini. Faci a gefe bai buɗe wannan hanyar ba. Mai ciwon daji kuwa sai an fitar da tasa.

Tarihi ma ya kamata ya sa mu yi hattara. HepatAssist, na'ura mai ƙwayoyin alade a wajen jiki, an gwada ta a mutum 171, sakamakon 2004 bai nuna ƙarin tsira ba in an haɗa kowa. ELAD, irin wannan na'urar mai ƙwayoyin ɗan Adam, ta faɗi a babban gwaji a 2015, ta sake faɗi a 2018. Waɗannan ba su da matsalar ɗinki ko ta zama shekaru a jiki. A farkon 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta ba kamfanin Miromatrix izinin gwada hantar alade da aka wanke aka zuba wa ƙwayoyin mutum, amma ku lura, a wajen jiki, ga wanda hantarsa ta tsaya farat ɗaya, don a riƙe shi kwanaki ko tasa za ta farfaɗo. Masu aikin da kansu sun san inda ƙarfinsu ya tsaya.

Hafsat: Akwai ma masu neman tsallake firam ɗin gaba ɗaya. Aikin Lagasse na Fitsbag: a zuba ƙwayoyin hanta cikin kaluluwa, ita ta ba su jini da wurin zama, an fara gwaji a mutum a 2024. A shekarar kuma a Shi'an ta ƙasar Sin aka haɗa hantar alade da aka gyara wa ƙwayoyin gado shida a jikin wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, ta yi kwana 10 tana fitar da maɗaciya. Wannan ta zo da jijiyoyinta da bututunta a haɗe.

Farfesa Sa'adatu: Kada kuma a raina inda firam ɗin ya riga ya biya kuɗinsa, wato gwajin magani. A 1993 wani magani, fiyaluridin, ya wuce gwajin dabbobi, ya kashe mutum 5 cikin 15 a gwajin ɗan Adam ta hanyar lalata hanta. A 2022 an gwada magunguna 27 a ƙananan na'urorin hanta 870, suka gano kashi 87 cikin ɗari na masu cutar da hanta, ba su kuma ɗora wa mai lafiya laifi ba. Tarko ɗaya ga mai shiga wannan: robar PDMS da ake yin na'urorin da ita tana shanye magunguna masu son mai. Ka zuba kashi goma, ƙwaya ta ga uku, ka rubuta cewa maganin ba shi da illa. A auna abin da ke fitowa ta bakin fita, ba abin da aka zuba ba.

Injiniya Auwal: To a ba ni ma'aunin da in an cika shi za ku ce na yi gaskiya. Har yanzu ina kan shekara 15 ɗina.

Dakta Bilkisu: Mai sauƙi. Alade, a cire hantarsa duka, ba a bar ko yanki ba. A ɗinka taka a gurbinta, jijiyoyi uku da bututu. Kwana 30. Sukarin jini ya tsaya ba tare da ƙarin ruwan sukari ba, ammoniya ba ta hau ba, INR, ma'aunin daskarewar jini, ya zauna ƙasa da 1.5 ba tare da an ƙara masa ruwan jini ba, hoton jijiyoyi ya nuna babu guda.

Malam Nura: A sa masa siririn bututu daga hanyar maɗaciya zuwa jaka a waje, a riƙa rubuta mililita nawa kowace safiya, da launinsa. In ya fito fari kamar ruwa, bangon bututun ne ke tsatsafo, ba ƙwayoyin hanta ba.